Muryar da Tasi'u Ya Ɗauko a Tafkin Kuza

An idar da sallar isha, yayyafi yana ta ƙwanƙwasa kwanon ɗaki. Yaya Talatu, 'yar kawunsu da ta zo daga Jos, ta ja bargo ta rufe ƙafafunta, ta dubi ƙannenta da suka kewaye ta.

"Wannan ba tatsuniya ba ce," ta ce a hankali. "Mutumin yana raye. Layinmu ɗaya da shi. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba."

Suka matso. Ta fara.

Tasi'u mai fiyano ake ce masa. Amma nasa fiyanon ba irin na 'yan biki ba ne. Wani baƙin akwati ne mai makunnai barkatai da wayoyi, wanda masu sana'ar ke kira sintisaiza. Ba ya kwaikwayon ganga ko algaita. Sauti ake ƙerawa da shi daga babu. Ka murɗa nan ya yi kuka, ka murɗa can ya yi gurnani.

Abin ya samo asali. Mahaifinsa ne mai haska fim a wani tsohon gidan sinima, kuma a gefen majigin Tasi'u ya tashi. Finafinan sararin samaniya na da su ne suka kama shi, masu jirage kamar faifai da mutanen wata duniya. Hoton bai dame shi ba. Kiɗan ne. Wannan siririn kukan da ke hawa sama yana rawa, ba na mutum ba, ba na dabba ba, mai sa tsigar jiki ta tashi tun ba a nuna komai ba. Da ya girma, irin wannan kiɗan ya duƙufa a kai, a ɗan ɗakin da ya keɓe a zauren gidansa.

Sai wani mai shirya fim, Darakta Mudi, ya kawo masa aiki. Labarin wani jirgi ne da ya faɗo daga sama a bayan wani ƙauye. Mako uku Tasi'u yana murɗe-murɗe. Mudi ya zo ya saurara, ya gyaɗa kai.

"Ya yi daɗi, Malam Tasi'u. Amma na Turawa ne. Na taɓa jin sa. Ina namu?"

Maganar ta soke shi, don ya san gaskiya ce.

Ran Talata ya rataya rikoda da iyafis na sawa a kunne, ya tura babur waje. Niyyarsa ya je tsofaffin ramukan kuza da ke bayan Bukuru, waɗanda ruwa ya cika suka zama tafkuna, ya ɗauko kukan iska a tsakanin duwatsu. Matarsa Luba tana wanki.

"Da tsakar ranar nan, Baban Zulai? Kai kaɗai?"

"Hayaniyar mutane nake gudu."

Ya isa rana na tsaka. Ruwan kore shar, ba ya motsi. Jajayen tuddai sun kewaye shi. Ba tsuntsu, ba ƙuda. Ya sa iyafis ya tsaya.

Babu iska.

Sai ya ji murya.

Gaɓa uku ce kawai. Ta hau, ta yi rawa a sama, ta sauko a hankali kamar ganye. Ta sake. Abin da ya shekara ashirin yana nema a cikin akwatinsa ke nan, ga shi wani maƙogwaro yana fitarwa ba wahala. Yatsansa ya danna ɗauka tun zuciyarsa ba ta yanke shawara ba.

Ya bi sautin. A kan wani tudu ya same ta. Mace ce doguwa, da baƙin zanen saƙi har ƙasa, ta ba shi baya, hannuwanta biyu a gefen baki. Ta juyo.

"Bawan Allah, me ke hannunka?"

A nan ya gane. Shi mai aikin sauti ne, ya san fim ɗin da baki da murya ba su daidaita ba. Maganarta ta riga leɓɓanta isowa. Sai da ya gama jin tambayar sannan bakinta ya motsa.

"Rikoda ce, Inna. Iska nake ɗauka."

"Ba iska ka ɗauka ba."

Ya dubi rikodar da ke hannunsa.

"Mayar mini. Ba waƙa ba ce. Aiki nake da ita."

Muryarta ta fara siririncewa, kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Babu fushi a fuskarta. Roƙo take yi.

"Yanzu kuwa zan goge," ya ce.

Ya danna maɓalli. Amma ba na gogewa ba. Wanda ke kashe hasken fuskar rikodar ya danna, ya miƙa mata ta ga ta yi baƙi.

"Ka goge?"

"Na goge, Inna. Tsakanina da Allah."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Allah ya yi maka albarka."

Ya sauko daga tudun yana tuntuɓe. Da ya hau babur sai ya waiga sau ɗaya. Ta sake ɗora hannuwa a gefen baki. Jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Bai ji komai ba. Ya ce wa kansa nisa ne. Ya tayar da babur.

A daren ranar ya zuba muryar a cikin akwatinsa. Ya ja ta ta yi tsawo, ya ninka ta, ya sa mata amsa-kuwwa, ya ƙara mata rawa, har ta koma kamar kukan wani abu da ke saukowa daga bayan taurari. Sannan ya goge ta asalin da ke cikin rikoda. Ba don cika alkawari ba. Don kada wani ya ji ya tambaye shi inda ya samo.

Da Mudi ya saurara, sai ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Wannan ne. Wallahi wannan ne. Ka kammala mini kafin Juma'ar sama."

Tasi'u ya yi murmushi, amma tuwo ya ƙi wuce masa. Duk lomar da ya kai baki sai ya ji ana cewa Allah ya yi maka albarka. Da zagi ta yi masa, da ya fi sauƙi. A sallah ma, idan ya ɗaga hannu sai ya tuna da sunan wa ya rantse. Duk da haka kullum sai ya kunna. Aiki ne, in ji shi.

Ranar kwana na tara, bayan la'asar, zafi ya sa ya buɗe ƙofar ɗakin, ya cire iyafis, ya saki sautin ta sifika. Karo na farko ke nan da ya bar ƙofar a buɗe.

'Yarsa Zulai, mai shekara biyu, tana barci a kan tabarma a tsakar gida. Ta tashi. Idanunta a rufe. Ta bi ta zaure, ta wuce shi, ta fita. Bai gan ta ba, kansa na kan makunnai. Luba ce ta fito daga madafa ta ga tabarma wayam. A bakin titi ta cafke ta, tifar yashi tana wucewa da taku biyu tsakaninsu.

Tasi'u ya fito da gudu, sautin yana ci gaba a bayansa. Ga yaran maƙwabta uku a tsaye a layi, ba mai motsi, duk sun fuskanci ƙofar zaurensa kamar masu jiran a gaya musu inda za su nufa. Ya koma ya zare wayar sifika. Nan take yaran suka farka suka fashe da kuka.

Luba ta shigo, Zulai a ƙirjinta. Ta tura ƙofa ta rufe.

"Baban Zulai, me ka kunna?"

"Kiɗan fim ne."

"Ni uwa ce. Wannan ba kiɗa ba ne. Kira ne. Wata ce ke kiran ɗanta."

Ya zauna a ƙasa ya gaya mata komai, har rantsuwar.

"Kwana nawa?"

"Tara."

"Kwana tara uwa ba ta da bakin kiran abin da ta haifa." Ba ta ɗaga murya ba. Ta juya Zulai baya ta goya ta, ta ɗaure zani tamau. "Ni ɗazu ƙiftawar ido na nemi tawa na rasa. Ka mayar mata."

Kashegari ya ɗaure akwatin a bayan babur, da batirin mota da ƙaramar sifika. Ya yi addu'o'in da ya sani. Rana na tsaka ya isa.

Tana kan tudun. Ta rame. Ƙaya ta yayyage zanen har gwiwa, sai ya ga ƙafafunta. Dugadugan ne a gaba, yatsun a baya. Amma ba wannan ne ya sa ya kau da kai ba. Sun tsattsage, sun kumbura, jar laka ta bushe a cikin raunukan. Ƙafafun wanda ya kwana tara yana tafiya ne.

Ya durƙusa.

"Inna, na yi miki ƙarya. Na rantse a kan ƙarya."

Bakinta ya motsa. Ko iska ba ta fito ba. Ta nuna akwatin.

Ya haɗa wayoyi ya danna. Kukan sararin samaniya ya cika tafkin. Ta toshe kunnuwa, tana girgiza kai. Ba muryarta ba ce. Abin da ya mayar da ita ne. Ta asalin kuwa ya goge da hannunsa.

Sai ya fara warwarewa.

Ya cire amsa-kuwwar. Ya cire ninkin. Ya rage rawar, ta ɗaga yatsa, ya ɗan mayar da ita. Saura tsawon, kuma bai tuna iya inda ya ja ta ba. Ya riƙe makunnin da yatsu biyu yana murɗawa kaɗan-kaɗan, idonsa a kan hannunta. Ta yi sama da shi. Ya ƙara. Ta yi ƙasa. Ya rage. Gumi na ɗiga a kan maɓallai. Fitilar akwatin ta fara lumshewa, batir ya kusa ƙarewa.

Ya murɗa kamar faɗin gashi.

Gaɓa uku. Ta hau, ta yi rawa, ta sauko. Leɓɓanta suka bi sautin daidai, ba gaba ba baya. Sifikar ta yi tsit. Amma kiran bai tsaya ba. Daga maƙogwaronta yake fitowa.

Ciyawar bakin ruwa ta motsa.

Tasi'u ya kifa goshinsa a ƙasa. Bai duba ba. Ya ji ƙananan sawu masu danshi sun wuce ta gefen kunnensa da sauri. Ya ji sanyi da ƙanshin gansakuka. Sannan ya ji shessheƙa, irin ta ƙaramin da ya gaji da kuka.

Zuciyarsa ta ɗan saki. "Alhamdu lillahi. Inna, ki yafe mini."

Sai muryarta ta sauko masa daga kan tudun.

"Biyu ne, bawan Allah."

Ya kasa ɗaga kai.

"Wannan ƙaramin ba ya nisa. Ya ɓuya ya jira. Babban ne ya ji muryata tana fitowa daga gari, ya bi ta. Duk ranar da ka kunna, sai ya ƙara nisa da ni."

"Zan nemo shi. Ko ina yake."

"Ba ka da idon ganinsa."

"To me zan yi?"

"Tashi ka tafi gida. 'Yarka ba ta yi mini komai ba."

"Ki yi mini hukunci, Inna. Ko mene ne."

"Ba ni da lokacinka," ta ce. "Kira zan yi."

Da ya ɗaga kai babu kowa a kan tudun. Amma kiran yana tashi daga can ƙetaren ruwa, yana fuskantar gari.

Ya koma ya gaya wa Mudi cewa sautin ya tafi, ba zai dawo ba. Mudi ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya haƙura. Tasi'u ya ƙera masa wani da hannunsa, daga babu. Fim ya fito, mutane suka yaba, wasu suka ce ba su san dalilin da kiɗan ke sa su ƙwalla ba.

Har yau yana sana'arsa. Amma da zarar rana ta take tsaka, sai ya kashe komai. Ya fito ya bi layi gida-gida, yana roƙon a rage rediyo, a dakata da injin markaɗe, na ɗan lokaci kawai. Wasu na cewa ya taɓu. Ba ya musu. Sai ya buɗe ƙofar zaure ya zauna a dakali, kansa a sunkuye, don in akwai wanda ya ɓata a cikin layin, ya samu shirun da zai jiyo uwarsa.

Yaya Talatu ta gyara bargonta. Yayyafi ya ɗauke, ba wanda ya lura.

"Yaya," in ji Hajjo, ƙaramarsu, da raɗa, "babban ya koma?"

"Har na baro Jos tana kira. Masu ɗiban yashi suna ji."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Don haka ku ji ni da kyau. Kada ɗayanku ya bi hanyar tafkunan nan shi kaɗai, balle rana na tsaka. In kuwa ƙaddara ta kai ku, kuka ji murya mai daɗi, kada ku amsa, kada ku ciro waya. Ba ku ake kira ba. Ku rufe baki ku wuce, ku bar mai ita ta yi aikinta."