Gidan da Aka Hana Ajwa Shiga

Duk wanda ya zauna a unguwar Ƙurban ta Madina wajajen 1998 ya san gidan nan mai koren ƙyaure, amma ba kowa ya san abin da aka biya aka saye shi ba. Ni na sani, kuma ba don labarin yana da daɗi zan ba ku shi ba.

Sabiru haifaffen Madina ne, jikan alhazan da suka zo daga Kano a ƙafa suka ƙi komawa. Ba mugu ba ne, sai dai Allah ya yi shi da son a ce ya isa. Da aka rushe tsohon gidansu aka biya diyya, shi ya karɓi kuɗin ya zuba a cinikin motoci, suka narke kamar gishiri a ruwa. Ya bar bashi, banki ya sa sunansa cikin waɗanda ba a sake ba su rancen ko halala, wato ko kwabo. Tun daga nan mahaifiyarsa, Hajiya Ƙaltume, take yawon haya.

Daga baya ya nutsu, ya kama tuƙin bas na maziyarta, yana biya wata-wata. Saura wata goma a wanke sunansa, sai gidan Ƙurban ya fito kasuwa. Dangi suka yi karo-karo. Tsohuwa ta sayar da awarwaronta na zinari, yayarsa Sakinatu, malamar makaranta, ta kawo kwasar adashinta, Kawu Abdulrauf ya sayar da rabin shagonsa. Duk da haka riyal dubu casa'in suka gagara, ga dillali ya ba da sati uku kacal.

"Ya waladi, ɗana, ka yi sabur, ka yi haƙuri," in ji Kawu. "Wata goma kamar gobe ne. In wannan ya wuce, wani zai fito."

"Kawu, shekara takwas Ummi tana ɗaure kaya tana kwancewa saboda ni. Halas, ya isa."

Wani abokin tuƙinsa ne ya raɗa masa labarin Maikuɗi, mai facin taya a bayan Uhudu, can inda iyakar harami ta ƙare. A ƙasar da boka in ya shiga hannu takobi ne rabonsa, ba a yin wannan sana'a a fili. Sabiru ya je da tsakar rana, lokacin da kowa ke ƙailula.

Bayan rumfar facin akwai tsohuwar gonar dabino da ta mutu a tsaye. Maikuɗi, siriri mai jajayen idanu, ya kai shi ɗakin injin ban-ruwa, ya ce ya shiga da ƙafar hagu, kada ya yi sallama. Ɗakin ba taga. Ƙarnin tsohon jini ya gauraya da turare. A tsakiya ga bakin ƙafaffiyar rijiya an rufe da fatar baƙin bunsuru, a gefenta ƙwarya cike da kwaɗuna masu tsatsa, kowanne an naɗe shi da gashin mutum. Waje rana na ƙuna, amma Sabiru ya ji sanyi yana hawa ƙafafunsa.

"Dubu casa'in," in ji Maikuɗi tun kafin ya buɗe baki.

"Nawa zan biya?"

"Ni ba na karɓar komai. Na ƙasa ke karɓa." Ya yaye fatar. "Sunkuya ka faɗa musu sunan duk wanda ya sa hannu a gidan, da sunan uwarsa."

"Me ya haɗa su da wannan? Ai ni na zo."

"Kai me ka sa a ciki? A banki ba ka da suna, a nan ma haka. Masu suna ake so."

"Ba dai za a taɓa su ba?"

"Ka ji na ce za a taɓa su? In ba ka so, ga ƙofa. Dillali yana jiranka."

Nan ne ya kamata ya tashi, kuma wallahi zuciyarsa ta gaya masa. Amma ya tuna idon dangi a kansa. Ya sunkuya ya kira sunaye uku, rijiyar ta saki wani dogon numfashi a fuskarsa. Maikuɗi ya ɗauki kwaɗo ɗaya ya datse, ya miƙa masa.

"Ka binne ƙarƙashin dokin ƙofa. Sharaɗi ɗaya ne: dabinon ajwa ba zai tsallake ƙofar nan ba, ko ƙwara."

Kafin sati ya zagayo wani baƙo ya sayi wata tsohuwar mota da ta rage masa da kuɗin da ko a mafarki ba ta kai ba. Aka sayi gida, aka rubuta takardarsa da sunan Sakinatu, tunda nasa bai wanku ba. Kwangilar jigila ta yi ta faɗo masa, bas ɗaya ta zama tara. Aka yanka raguna, dangi suka yi ta sa masa albarka.

Saura tsohuwa. Tun tana yarinya ba ta taɓa karyawa ba sai da ajwa bakwai, kamar yadda mutanen Madina suka gada, kariya daga guba da sihiri. Ranar tarewa Sabiru ya zare kwalin dabinon daga cikin kayanta.

"Ummi, daktur ya ce sukarinki ya hau. Babu dabino daga yau."

Ta dube shi jim kaɗan, ta ce, "To."

Wata na huɗu da tarewa Kawu Abdulrauf ya faɗi a shagonsa bayan la'asar, jini na zuba ta hanci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Wata na bakwai Sakinatu tana tsakiyar darasi ta yar da alli, ta kwanta ta manna kunne a ƙasa, tana cewa ana kiran ta da sunan uwarta. Daga ranar ba ta sake gane kowa ba. Sabiru ya ruga bayan Uhudu a gigice, ya tarar ba rumfa, ba Maikuɗi, an cike rijiyar da duwatsu. Ya dawo ya fasa dokin ƙofa, ya tona har hannunsa ya yi jini, bai ga kwaɗon ba.

Sannan tsohuwa ta kwanta. Likitoci suka duba ba su ga komai ba, ita kuwa kullum sai ƙara tsotsewa take yi. Tsoro ya hana shi karya sharaɗin, yana ganin in ya karya abin zai fi haka muni. Wata safiya ta kira shi, muryarta da ƙyar take fita.

"Sabiru, na tambayi daktur tun watan farko. Ya ce bai hana ni ba."

"To Ummi, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka saya min gida, ya waladi. In ƙaryata ka a cikinsa?" Ta lumshe ido. "Kawo min ko guda ɗaya."

Ya fita a guje ba takalmi, ya sayo, ya tsallake ƙofar da kwalin a ƙirjinsa. Tun daga tsakar gida ya jiyo Sakinatu tana ƙyalƙyala dariya, tana cewa, "Sun cika uku." Ya shiga ɗakin ya tarar Hajiya Ƙaltume ta cika, hannunta a buɗe.

Bayan an kai ta maƙabartar Baƙi'a, dukiyar ta tafi yadda ta zo. Bas biyu suka ƙone, sauran masu bashi suka kwashe. Gidan bai sayu ba, don mai takardar ba ta cikin hankalinta, kuma ba mai son kwana a cikinsa. Sabiru shi ke ba Sakinatu abinci a baki, yana kuka, ita tana tambayarsa wane ne shi.

Kai mai gaggawar arziki, ka ji da kyau. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba a jikinka yake fara yanka ba. Yakan fara da waɗanda suka yarda da kai har suka kasa ƙaryata ka. Allah ya tsare mu da kwaɗayi.