Safiyar da Rumman Ya Yi Rawaya

"Zuhura! Waye wannan?"

Abba ya ajiye wayarsa a gabana da ƙarfi. Hotona ne, ina tsaye ƙarƙashin bishiya ina dariya, Salissou yana miƙo min ganye.

Gabana ya faɗi.

"Abba… Salissou ne. Shi ke kula da itatuwa a Wadi Hanifa, inda nake zuwa ɗaukar hoto."

"Mai ban-ruwa! Jamal ya ce ko iƙama, katin izinin zama, ba shi da ita. So kike a ce 'yar ma'aikacin ofishin jakadanci tana yawo da wanda ake nema?"

Jamal ke nan. Wata shida yana zarya daga ofishinsa na unguwar Ulaya zuwa gidanmu a Nasiriya, nan Riyad, yana neman aurena, ina ce masa ya yi haƙuri. Ashe bin sawuna ya koma yi.

"Wallahi ƙarya ne, Abba!"

"Ranar Juma'a da safe za ki kai ni. In maganar ta tabbata, da hannuna zan miƙa shi ga hukuma."

Kwana biyu abinci ya ƙi wuce min. Na kira Salissou ina kuka, na gaya masa yadda muka yi da Abba.

"Yi shiru, Zuhurata," ya ce da Hausarsa ta Maraɗi. "Ki biyo da shi ta ƙaramar gada. Lahiya lau za a rabu, in sha Allah."

Ranar Juma'a sanyin Disamba har cikin ƙashi. Abba yana gaba, hannuwa a baya. Muka haye gadar, hanya ta lanƙwasa ta bayan dabinai…

Sai ya tsaya cak.

Bishiyoyin rumman ne a jere, hagu da dama, duk sun rikiɗe sun yi rawaya kamar an kunna su. Rana ta leƙo ta saman dutse ta ratsa su. Ganye na saukowa ɗaya bayan ɗaya, wasu kan hanya, wasu cikin ruwa, ruwan yana tafiya da su a hankali. Sati uku ina ɗaukar hoton wurin nan, ban taɓa ganinsa haka ba. Kyamara tana wuyana, na manta da ita.

"Subhanallah…" in ji Abba, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A Riyad ne wannan? Shekara goma sha ɗaya, daga gida sai ofis…"

Salissou ya fito daga cikin itatuwan da kayan aikinsa, ya durƙusa.

"Baba, an tashi lahiya?"

Ya miƙa iƙamarsa da hannu biyu. Abba ya duba gaba, ya duba baya, ya karanta sunan kafil, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya mayar masa.

"Wa ya shuka waɗannan?"

"Ni da abokan aikina, Baba. Shekara bakwai ke nan. Da aka kawo su ko gwiwata ba su kai ba. Kwana goma kawai suke yi a haka, sai su zube. Shi ya sa na so ku gani, ko da za ku hana ni ita."

Hawaye suka cika min ido.

"Me kake nema wurin 'yata?"

"Aure, Baba. Ba ni da ofis, ba ni da mota. Amma ban taɓa barin abin da aka damƙa min ya bushe ba."

Iska ta taso, ganye suka zubo kan hular Abba da kafaɗarsa. Bai kakkaɓe ba. Ya daɗe yana kallon sama.

"Zuhura, ɗauki hoton mana, me kike jira?"

Na ɗaga kyamarar na ɗauka.

Sannan Abba ya juya ga Salissou.

"Kai kuma… ka turo manyanka."

Mama ta yi wata guda tana fushi kafin ta sauko. Jamal kuwa, waya ɗaya Abba ya yi masa, ba mu sake ganin motarsa a layinmu ba.

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aurenmu.

Washegarin da aka kai ni, muna shan shayi a ɗan ɗakinmu, na ce, "Habibi, ranar nan ko tsoro ba ka ji ba?"

Ya ajiye kofin yana kallona.

"Tsoro? Kin ga na tashi daga durƙuson har kuka tahi?"

"A'a… na ɗauka ladabi ne."

"Ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata, amaryata. Sai da kuka haye gada sannan na kama reshe na miƙe!"

Na yi dariya har shayina ya zube.