Randar Jatau

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin hanya, an yi wani mutumin kirki mai suna Jatau. Kullum sai ya cika randa a ƙofar gidansa, duk mai ƙishirwa ya sha. Ko furfura bai yi ba Allah ya karɓi abinsa. 'Yarsa Lantana ta ci gaba da cika randar.

Ran nan da rana tsaka tana zuba ruwa, sai ta ji ƙarar sarƙa. Wani mahaukaci ne da kowa ke tsoro, idanu jajur, yana jan sarƙa a ƙafa. Mutane suka watse, aka rurrufe ƙofofi.

"Ina mai randa?" in ji shi.

Ya matso.

"Ina mai randa?"

Da ƙyar Lantana ta ce, "Baba ya rasu."

Ƙofar gida na bayanta a buɗe, amma ta tuna babanta bai taɓa guje wa mai ƙishirwa ba. Ta cika moɗa ta miƙa masa.

Ya shanye, ya daɗe yana kallonta, hawaye na zuba.

"A'a, yarinya," ya ce. "Mai randa bai mutu ba."