Hoton Tsohuwar Kwamfuta

Da magariba aka fara jifan. Mai gyaran kwamfuta yana zaune a falo, tsakuwa ta sauka a kan rufi, wata ta biyo ta. Shi ya zargi yaran maƙwabta, matarsa ta zargi uwar yaran. Washegari dutse ya faɗo a tsakiyar ɗaki, ƙofa kuwa a kulle.

Mutum ne mai shegen taka-tsantsan. Ba ya goge kwamfuta sai ya ɗauki abin da masu sana'ar ke kira hoto, wato ya kwafe tsarinta kaf a wani faifai, har wuraren da babu komai, don in ta lalace a maido ta yadda take. Haka ya yi wa wata tsohuwar kwamfuta da ya saya a hannu, sannan ya wanke ta tas ya ba 'yarsa don karatu.

'Yar ce ta daina cin abinci. Sai ta zauna gaban kwamfutar a kashe, tana magana da muryar tsoho. Nan tsoro ya kama shi sosai, ya ɗauko malami.

Malamin ya daɗe yana karatu kafin muryar ta amsa.

"Gidana aka rushe. Shekara da shekaru ina zaune a lungun da babu komai cikin na'urar nan, ban taɓa kowa ba."

Mai muryar ya nemi a bar masa yarinyar a madadin gidan, malamin ya ce ko kusa. Suka yi ta ja, har mai muryar ya yarda zai fita in aka maido kwamfutar yadda take, kuma kar a sake kunna ta.

Mai gyara ya jona faifan. Layin da ke nuna ci gaban aikin a kan allon ya yi ta rarrafe har ya cika.

"Ni dai na tafi," in ji muryar. "Ɗayan kuwa ba da shi kuka yi alkawari ba."

Yarinyar ta yi atishawa, ta ce Baba.

A bakin ƙofa malamin ya tambaye shi ko hoton guda ɗaya ne. Sai a lokacin mai gyara ya tuna. Kullum yakan ajiye kwafi na biyu a gidan yayarsa, saboda gobara.

Ya ciro waya zai kira ta, sai ga kiranta.

"Ƙanena, wai ku ma ana jifanku a can?"