Koren Zare a Idon Sawu

Masunta ne suka hango jar riga a kan gangaren toka, can sama da iyakar da aka rufe tun da dutsen tsibirin Stromboli ya tsananta aman wuta. Kafin tsakar rana Sufeto Nofrio ya isa wurin.

Gawar wani ɗan yawon buɗe ido ce, Joost, mutumin Holan. Dutsen da ramin aman wutar ya harbo ya farfasa masa cinya. Sufeto ya ga fuskar, ya gane shi. Shekaranjiya a tashar jirgin ruwa mutumin nan ya tambaye shi wa zai nuna masa wutar dutsen. Ya amsa cikin raha, "Nemi kawuna Tano."

Ya durƙusa. An ɗaure bakin wandon a idon sawu da koren zaren fatsa, don kada toka mai zafi ta shiga takalmi. Baƙo bai san wannan dabara ba. Ƙulli biyu, kunne ɗaya. Haka aka ɗaure wa Sufeto nasa yana ɗan shekara bakwai. A jakar mamacin akwai burodi biyu da ba a taɓa ba.

Ya sauka masaukin Inna Nunzia, inda baƙon ya kwana.

"Da wa ya fita, Inna?"

"Shi da inuwarsa."

"Ke kika haɗa masa guzuri?"

"To, wa zai haɗa? Kai?"

"Burodi biyu ne. Ɗaya babu albasa."

"Oh ni Nunzia! An tura yaro birnin Milan karatu, ya dawo yana tuhumar burodi."

"Mutum nawa ne a tsibirin nan ba sa cin albasa?"

Ta juya ta ci gaba da goge teburin da ta riga ta goge. Shi dai mutum ɗaya ya sani: Kawu Tano.

A asibitin ƙauyen likita bai ja zance ba. Jini ne ya ƙare wa mutumin, sannu a hankali.

"Ya kai awa biyar da rai, ranka ya daɗe. Da an sauko da shi cikin awa biyu, da yanzu yana nan yana zagin abincinmu."

Sufeto bai yi dariya ba.

Ya tarar da Kawu Tano a kan soro yana share toka, kada ta bi ruwan sama ta shiga rijiya. Wannan tsoho shi ya raine shi bayan teku ta cinye mahaifinsa.

"Kawu, ina ka je jiya?"

"Kamun kifi."

"Kwalekwalenka a bushe yake."

"Rana ta busar."

"Na ga ƙullinka a ƙafarsa."

Tsintsiyar ta tsaya. Tsohon ya zauna a bakin soron, ya kalli dutsen.

"Shekara arba'in ina hawan dutsen nan, bai taɓa min mutum ko ɗaya ba. Jiya ya yi tari sau ɗaya kawai. Na ce wa Baturen ya ɗaga kai ya kalli duwatsun, ya kauce. Sai ya juya baya ya ruga."

"Wannan hatsari ne. Faɗa min sauran."

"Na ba shi ruwa. Na ce masa ina zuwa da mutane." Ya ajiye tsintsiyar. "Da na sauko sai na tuna an riga an gargaɗe ni. Idan aka sake kama ni sama da iyaka, kurkuku ne. Na ɗauki waya sau uku, Nofrio. Sau uku ina ajiyewa."

"Sannan?"

"Na dafa taliya. Na ci."

Dutsen ya yi ƙugi, toka ta sake sauka a inda aka share.

"Wa ya turo min shi?" in ji tsohon. Babu faɗa a muryarsa.

"Ni. Sunana ne na farko a rahoton."

Suka sauko. Sufeto ya nuna masa hanya da hannu, ya bar ankwa a aljihunsa.

"Sa min," in ji Kawu Tano.

"Ba sai na sa ba, Kawu."

"Sa min. In ka bar ni haka, za a ce ban iya rainon ɗan sanda ba."

Maƙwabta sun fito ƙofofinsu. Sufeto ya ciro ankwar. Sau biyu tana zame masa a hannun tsohon.

"Ba haka ba, ɗana."

Tsohon ya juya wuyan hannunsa, ya sa babban yatsa ya danna ƙarfen da kansa har ya kama. Ya wuce gaba, ya nufi tashar jirgi.