Wutsiyar Gwanki a Ƙasan Matsirga

Tun kafin zakara ya yi cara Nomau ya ɗaura warkinsa, ya soke wuƙa a ƙugu, ya rataya adaka, tsohuwar bindigar da ya gada, ya fito daga bukkar da aka sauke shi. Baƙo ne a duwatsun nan. Garinsu can arewa ne, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda mutum kan hango rimin gari tun ƙafarsa ba ta fara gajiya ba.

Abin da ya kawo shi kuwa, 'yarsa Tasalla ce ta haihu, haihuwar fari. A gidansu, tun kaka da kakanni, ba a yi wa maijego ƙauri da ƙafar saniyar kasuwa. Da naman daji ake yi, na hannun uba, sannan a kafe ƙahon a zaure. To, gonaki sun cinye dajin garinsu, ko zomo sai an taki sa'a. Ga suna ya ƙarato, mata har sun fara kallonsa ta gefen ido.

Mai masaukinsa, Bobai, yana jiransa a bakin hanya. Gajere ne, Kirista, haifaffen dutsen, sun saba tun suna samari masu kai zuma kasuwa ɗaya. Ya dubi takalmin taya da ke ƙafar Nomau, ya yi tsaki.

"Mutumin arewa, da wannan za ka hau? Sai ka ce mai zuwa cin kasuwa."

"Kai dai wuce gaba, na-dutse. Takalmin nan ya girmi ɗanka."

Suka kama hawa. Hanyar ba hanya ba ce, tsagar dutse ce kawai da awaki suka goge. Nomau ya yi sallar asuba a kan wani falalen dutse, Bobai na tsugune gefe yana tauna goro. Da gari ya waye sai ga su cikin kurmi, raɓa na ɗiga daga ganye, gansakuka ta lulluɓe kowane dutse. Birai suka yi musu ihu suka watse. Wajen hantsi Nomau ya fara jin wani rugugi a ƙirjinsa tun kafin kunnensa ya ɗauka.

"Hadari ne?"

"Matsirga ce," in ji Bobai. "Nan kogi yake faɗowa daga kan dutse. In mun kai sama, bakinka ba shi da amfani. Ka riƙa duban hannuna."

Nomau ya ce to, amma ta kunnen hagu ta shiga, ta fita ta dama. Lokacin idonsa ya riga ya sauka a kan sawu. Kofato ne mai faɗi, ya nutse cikin laka, gefensa bai ko bushe ba. Ya tsugunna ya murza kashin da ke kusa, da sauran ɗumi. Gwanki ne, namiji, shi kaɗai. Rabonsa da ganin sawun gwanki tun Tasalla tana goye.

Suka bi sawun har ƙololuwa. Can sama fili ne na ciyawa, kogi ya ratsa shi a natse, sai da ya kai baki ya zube ƙasa gaba ɗaya, fari fat, hayaƙin ruwa na tashi. Ƙara kuwa ba a magana. Nomau ya kwance tsumman da ya naɗe bakin adaka da shi saboda laima, ya duba albarushi, a bushe yake.

Ga gwankin nan. Ya sha ruwa, ya hau wani dutse daf da bakin matsirga, ya tsaya ya ba da haƙarƙari, ƙahoninsa sun lanƙwasa baya, babu ko kara tsakaninsa da bakin bindiga. Duk maharbin da ya tashi a shimfiɗaɗɗen daji, in ya ga haka, ya san Allah ne ya ba shi. A can, dabba inda ka harbe ta nan take faɗuwa, ko ta ɗan ruga ta kife. In ka yi bisimilla kafin ka ɗana, ko ka tarar ta cika, halal ce, harsashinka ne yankanta.

Bobai yana can gefe yana ta ɗaga hannu, yana nuna a jira ya sauko. Ina! Nomau bai ko waiga ba. Ya yi bisimilla, ya ja kunama.

Shi kansa da ƙyar ya ji ƙarar. Gwanki ya zabura, ƙafar baya ta zame, ya yi taga-taga, sai wurin ya zama wayam.

A nan ne abin ya faɗo wa Nomau a rai. Dabbar da ta faɗo daga tudu, ko ta afka ruwa, ba a san me ya kashe ta ba. In bai same ta da rai ya sa wuƙa ba, mushe ce, bisimillarsa ba ta wanke ta.

Bai tsaya shawara ba. Ya ajiye adaka, ya kama gangarowa ta gefen ruwan, yana riƙe saiwoyi. Bai yi nisa ba takalmin da ya girmi ɗan Bobai ya taka gansakuka, ƙafa ta tafi. Ya sulale, haƙarƙarinsa ya daki dutse, ya cafki wata saiwa da hannu ɗaya ya rataye, ruwa na dukan kansa, ƙasa can nesa baƙi ƙirin. Ya kaɗa ƙafa, takalman suka tafi, bai ga inda suka sauka ba. Da yatsun ƙafa ya lalubi tsaga. Haka ya ƙarasa sauka, ba takalmi, tafinsa na jini.

Gwankin yana kwance a bakin tafkin da ruwan ya haƙa, kai a kan tsakuwa, gindi a cikin ruwa. Nomau ya rarrafa gare shi. Ido a buɗe, amma feshin ruwa na zuba a kai, ba ka cewa ya ƙifta ko bai ƙifta ba. Ya ɗora tafi a ƙirjinsa, sai dai ƙasar wurin duk rawa take, ba a gane bugun zuciya. Sai ya ga wutsiya ta kaɗa. Ta tafi dama, ta dawo.

Ya juya wuyan gabas, ya yi bisimilla, ya yanka. Ya zuba ido ya ga ko jini zai yi tsartuwa. Igiyar ruwa ta zo ta shafe wuyan, ta tafi da ja, ta bar shi da wuƙa a hannu.

Can sai ga Bobai ya ɓullo ta wata hanya mai sauƙi da ke bayan kurmi, rataye da adaka. Ya ja Nomau bayan wani dutse inda ake iya jin magana.

"Na ga wutsiyar daga sama. Ta motsa. Ni ne shaidarka."

"Na gani. Ciyawar da ke kusa da ita ma ta motsa."

"Haba, Nomau! Ka kusa ba da ranka. Nama ne lafiyayye, wa zai sani?"

Nomau ya daɗe yana kallon gwankin. Ƙiba har ta yi masa yawa. Wallahi ransa ya so naman nan, so mai tsanani, har ya ji ƙwalla.

"Da ni kaɗai ne, da wataƙila," ya ce. "Amma abin da Tasalla ta ci, shi jaririn zai tsotsa. Kira mutanenka, rabonku ne."

Mutanen dutse suka zo da adduna, suka sha gara ranar. Bobai ya sare ƙahonin ya ba shi, ya haɗa masa da baƙar akuya mai rai, ya ce ba a mai da baƙo hannu rabbana.

Da akuyar aka yi wa Tasalla ƙauri. Mata suka ce abin da za su ce, har wata gwaggo ta tambaya ko a dutsen akuya ma farautarta ake. Ƙahonin kuma Nomau bai kafe su a zaure ba, suna ƙarƙashin gadonsa, gurbinsu a bango yana nan fili.

Yaron ya girma lafiya, har yana bin kakansa gona. Amma har yau, in Nomau na zaune ƙofar gida saniya ta gifta tana kaɗa wutsiya, sai magana ta tsaya masa a baki, ya bi ta da kallo har ta sha kwana.