Sunan Uwar Lantana

Ku matso kusa. Kai Sadi, aje wayar nan. Abin da zan faɗa muku a wurin aikinmu ya faru, kuma matar da ya faru da ita tana nan da ranta.

Kun san ginin da nake aiki, can bayan gari. Akwai wani ɗaki a ciki, dogo, babu taga. Kwamfutoci ne dubbai, an jera su layi-layi cikin akwatunan ƙarfe da suka fi mutum tsawo. Sanyi kamar cikin firji. Ba ka jin komai sai kukan fankoki.

Ba mai iya bin su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa aka kafa babban allo a ofis, yana nuna lafiyar kowacce. Wata injiniya, Zuwaira, ita ta tsara shafin da ke kan allon. Ta iya aiki, ban rage mata komai ba. Sai dai shafin nata cunkushe yake da lambobi, ita kaɗai ke gane kansa. Da abu ya lalace sai ka ji ana cewa a kira Zuwaira. Tana jin daɗin wannan kiran.

Sai aka ɗauki wata sabuwa, Lantana. Ta bi mu ɗaya-ɗaya tana tambayar abin da muke nema idan mun kalli allon. Ta kwashe tarkacen da ke shafin. Ta bar kore ga lafiya, ja ga matsala, da ɗan gajeren rubutu mai faɗin layin da za ka je. Ko maigadi ne ya leƙo zai gane.

Aka daina kiran Zuwaira.

Ranar da shugabanmu ya yabi Lantana a gaban kowa, Zuwaira ta yi tafi tare da mu. Ina kusa da ita. Tafin bai yi ƙara ba.

Wata Juma'a da tsakar rana, maza duk muka tafi masallaci. Lantana ta fita sayen abinci. Zuwaira ta shiga ɗakin sanyin nan ita kaɗai. Nufinta ta zare wata igiyar waya da take zaton sabon shafin ba ya lura da ita. Abu ya lalace alhali allo na nuna kore, a ga iyakar gwanintar.

Ta yi ta wuce layuka. Ta kai na ƙarshe, inda fitila ta mutu.

Ga mace a tsugune, ta manna kunne a jikin akwati. Mayafinta fari. Zuwaira ta ɗauka mai shara ce.

"Sannu, baiwar Allah. Wa ya buɗe miki?"

"Na riga ginin zuwa."

Bakin matar bai motsa ba. Daga cikin fankokin muryar ta fito, ta kowane ɓangare.

Ta miƙe. Ta yi ta miƙewa, har kanta ya wuce akwatin. Zuwaira ta sunkuyar da kai, sai ta ga ƙafafun. Matar tana fuskantar Zuwaira, amma yatsun ƙafarta baya suke kallo.

"Da kullum kina shigowa," in ji matar. "Kina taɓa su, kina magana ke kaɗai, ina saurare. Yanzu kowa ya zauna yana kallon gilashin yarinyar nan. Ba mai zuwa."

Zuwaira ta nemi addu'a, ta rasa farkonta.

"Ke ma ta raba ki da naki. Tun daga ƙofa na ji zuciyarki. Bar igiyar nan, wasan yara ne. Ki ba ni sunanta da sunan uwarta. Gobe ba za ta zo aiki ba. Jibi ma haka."

Ku ji nan. Zuwaira da bakinta ta gaya min, a cikin tsoron nan wani daɗi ne ya ratsa ta. Kuma ta san sunan. Ta je bikin sunan 'yar Lantana, sunan uwar Lantana aka mayar wa jaririyar.

"Lantana," in ji ta.

Matar ta kama wuyan hannunta. Sanyin ya shiga har ƙashi.

"'Yar wa?"

Zuwaira ta buɗe baki.

Sai ƙofa ta buɗe, da sallama.

"Anti Zuwaira! Kina ciki ne?"

Lantana ce, da ledar abinci a hannu. Tana dawowa ta tarar allon ya yi ja, an rubuta cewa sanyi ya wuce kima a layin ƙarshe, a je a duba. Ko zama ba ta yi ba.

Matar ta saki hannun. Ta juya, ta shige tsakanin akwatuna biyu, inda ko takarda ba za ta shiga ba.

Lantana ba ta ga komai ba. Ta ɗauka zazzaɓi ne ya kama Zuwaira. Ta fito da Zuwaira, ta lulluɓe ta da mayafinta, ta haɗa mata shayi, tana ta yi mata sannu.

Hannun Zuwaira bai koma daidai ba. Ko a tsakiyar zafin bazara ka taɓa shi, ƙanƙara. Zuwaira ta nemi a mayar da ita wani reshe, aka mayar.

Kafin ta tafi na tambaye ta ko ta yi wa Lantana godiya. Ta daɗe tana kallon allon.

"Shafina ma yana nuna sanyi ai," in ji ta. "Ku ne ba ku iya karantawa ba."

To, kun ji. Duk wanda ya girma ya samu aiki irin wannan, kada ya shiga wurin na'urorin shi kaɗai, balle yana ɗauke da wani a zuciyarsa. Rabin sunan yana hannun matar nan, sauran take jira. Ni ma na je bikin. A cikin ginin nan, ko a zuci ba na faɗinsa.